Kafin a saki reshe, a duba abin da aka rubuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ke hana ma'aikata da yawa barci a nan arewacin Kamaru, wato halin da mutum kan shiga idan yana cikin aikinsa sai aka yi masa tayin wani aikin da albashin da ya fi nasa. Ni mazaunin Garwa ne, ina kula da sito a gidan wani ɗan kasuwa mai sarin shinkafa da sukari da fulawa da man girki, kuma tun shekarar 2010 nake riƙe da makullan wannan sito da littafinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watan jiya ɗan ƙanwata ya zo mini da irin tambayar da ni ma na yi fama da ita a ƙarshen 2023, sai na ga ashe har yanzu shawara iri biyu kawai ake ba mai wannan tambaya a majalisunmu. Wasu su ce ya tafi, domin zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Wasu su ce ya zauna, kada ya saki reshe ya kama ganye. Dukkansu suna faɗa da zuciya ɗaya, amma ban taɓa jin wanda ya ce wa mai tambayar ya kawo takardun a duba ba tukuna.

A watan Oktoba na 2023 wata ƙungiyar agaji da ke aiki a Jihar Arewa Mai Nisa ta nemi mai kula da rumbun kayan abinci a Marwa, wani tsohon abokin karatuna ya ba da sunana, na je aka gwada ni, aka ce an ɗauke ni idan na amince. A lokacin albashina sefa 140,000 ne a wata, su kuma suka ce za su ba ni 320,000. Daren da na dawo da wannan labari ban runtsa ba, matata ma ba ta runtsa ba, domin yara huɗu gare mu a makaranta, ga mahaifiyata a wurina, ga fili da na saya tun 2017 wanda ko tubali ɗaya ban ɗora a kansa ba. Duk wanda ya ce irin wannan kuɗi ba ya girgiza zuciya, to bai taɓa tsayawa gaban mai kantin magani yana ƙirga canjin aljihunsa ba.

Da gari ya waye na ɗauki littafin makarantar ɗana na raba shafi biyu, na fara lissafi irin wanda na saba yi wa buhuna. Marwa tana da nisan kusan kilomita 200 daga Garwa, kuma ba zai yiwu in cire yara daga makaranta a tsakiyar shekara ko in ɗauke tsohuwa daga unguwar da ta yi shekara arba'in a cikinta ba, saboda haka tukunya biyu za a riƙa ɗorawa, ɗaya a nan ɗaya a can. Na sa kuɗin hayar ɗaki, na sa abincina na mutumin da ba shi da mai girki, na sa kuɗin mota zuwa gida ko da sau biyu a wata, na sa kuɗin babur na zuwa aiki, alhali a Garwa da ƙafa nake zuwa sito. Daga nan na koma ɗaya shafin na rubuta abubuwan da nake samu a gidan maigidana Alhaji waɗanda ba sa cikin albashi: buhun shinkafa da katan ɗin sukari duk azumi, gudummawar rago da Babbar Salla, rance ba ruwa ba takarda duk lokacin da aka koro yara saboda kuɗin makaranta, da kuma aikin ido da aka yi wa mahaifiyata a 2018 wanda shi ya biya bai taɓa tada maganar ba. Da na gama, ratar da nake gani kamar sefa 180,000 ce ta dawo ƙasa da 90,000. Har yanzu kuɗi ne mai kauri, amma ba shi ne dutsen da na hango da daddare ba.

Sai dai wannan lissafi, duk da amfaninsa, shi ne mafi sauƙi, kuma yawancin mutane a nan suke tsayawa. Abin da ya buɗe mini ido shi ne takardar kwantiragin da ƙungiyar ta ba ni, wadda na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga aikin ofis ya karanta mini ita layi bayan layi. Kwantiragin na shekara ɗaya ne, irin wanda ake kira CDD, da wata uku na gwaji a farkonsa, kuma an rubuta ƙarara cewa sabunta shi ya dogara ga samun kuɗi daga masu ba da tallafi. Dattijon ya bayyana mini cewa dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka kafa ranar 14 ga Agusta 1992, ta ce irin wannan kwantiragi mai wa'adi ba ya wuce shekara biyu, kuma sau ɗaya ake sabunta shi, sannan idan wa'adinsa ya cika ya ƙare ke nan, babu irin kuɗin sallamar da ake ba mai aikin dindindin idan aka sallame shi. A lokacin gwaji kuwa kowane ɓangare yana iya cewa ya fasa ba tare da ya biya ɗayan komai ba. Wato zan bar aikin shekara goma sha uku in shiga wata uku da za a iya ce mini in koma gida ranar da aka ga dama.

Ya kuma nuna mini abin da mutum kan bari a baya idan ya ajiye aiki da kansa, wanda ban taɓa sani ba duk tsawon shekarun nan. Ma'aikacin da ya cika shekara biyu a wuri ɗaya yana da ƙarin daɗewa na kashi 4 cikin 100, sannan kashi 2 a kowace shekarar da ta biyo baya, ana lissafa shi a kan mafi ƙarancin albashin rukunin aikinsa. Idan kuma maigida ne ya sallame shi ba don wani babban laifi ba, ana biyansa kashi 20 cikin 100 na albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, kashi 25 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 30 daga ta goma sha ɗaya zuwa ta goma sha biyar, a haka yake hawa har kashi 40 ga wanda ya wuce shekara ashirin. A lissafin shekaruna, wannan ya ɗan haura albashin wata uku. Wanda ya ajiye aiki don kansa ba shi da ko sisi a ciki, kuma a sabon wuri daga sifili zai fara ƙirga shekaru. Wannan ba dalili ba ne na mutum ya tsufa a inda ba ya ci gaba, amma ya kamata ya san nauyin abin da yake sauke wa kansa kafin ya sauke.

Daga nan dattijon ya yi mini tambayar da ta juya al'amarin gaba ɗaya. Ya ce: «Malam, watanninka nawa a CNPS?», wato asusun gwamnati da ake zuba wa ma'aikata kuɗin fansho. Na ce ai Alhaji ya yi mini rajista tun 2014, ina ma da lambata. Ya ce lamba daban, zubi daban, in je in nemi a fitar mini da takardar watannin da aka zuba. Na je, na bi layi, aka fitar mini da ita, na tsaya a bakin ƙofa a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya ina bin layukan da yatsa. Wata 62 ne kacal, daga Yuli 2014 zuwa Agusta 2019, kuma dukkansu an rubuta ni a kan sefa 36,270, wato mafi ƙarancin albashi na wancan lokaci. Daga nan babu komai. Malamin da ke kula da wannan harka a gidanmu ya bar aiki a 2019, ba a sa kowa a madadinsa ba, ni kuma da yake a ambulan ake miƙo mini albashi ba tare da takardar biya ba, ban taɓa lura ba.

Ina so masu karatu su fahimci abin da wannan ke nufi, domin a ganina nan ne zuciyar maganar. Kafin mutum ya samu fanshon tsufa daga wannan asusu, sai ya kai shekara 60, ya yi shekara 20 da rajista, kuma an zuba masa wata 180, waɗanda 60 daga cikinsu suka faɗo a shekara goma na ƙarshe. Wanda bai cika watannin ba, dunƙulen kuɗi ake ba shi sau ɗaya, shi ke nan. Fanshon kansa yana farawa ne daga kashi 30 cikin 100 na matsakaicin albashin da aka bayyana a shekara uku ko biyar na ƙarshe, don haka albashin da ake rubutawa a takarda, ba wanda ake sa wa mutum a ambulan ba, shi ne zai ciyar da shi ranar da ƙarfi ya ƙare. Zubin na fansho kashi 4.2 ne daga ma'aikaci, kashi 4.2 daga maigida. Abu mai kyau a nan shi ne watannin nan na mutum ne, suna bin lambarsa duk inda ya koma aiki a cikin ƙasar. A ranar ina da shekara 45, saura mini wata 118. Sai na ga ashe aikin da nake kira reshe, a wajen wannan lissafi shi ne ganye, ƙungiyar da nake jin tsoron wa'adinta kuwa za ta zuba mini a kan cikakken albashi tun daga watan farko.

Kwana uku ina juya yadda zan tunkari Alhaji. Mutum ne da ya girmi mahaifina da kaɗan, ya halarci sunan 'ya'yana duka, kuma a tarbiyyarmu ba ƙaramin abu ba ne ka dubi idon wanda ka ci gishirinsa ka ce masa ga haƙƙinka. Na yi istihara, na shawarci kawuna, ya ce in je in faɗi gaskiya dukkanta, kada in ɓoye tayin, kada kuma in mai da shi abin tsoratarwa. Na same shi bayan la'asar a kan dardumarsa a ƙofar sito, motar fulawa da ta taso daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare tana tsaye ana sauke ta. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye takardun biyu a gabansa, na ce: «Baba Alhaji, an yi mini tayin aiki a Marwa, ban amsa ba sai na zo gare ka. Ba na son barin gidan nan, amma ga abin da na gano game da tsufana.» Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya ɗago ya ce: «Ashe har akwai maganar takarda tsakanina da kai, Malam?»

Wannan tambaya ita ce ke rufe bakin ma'aikata da yawa a kasuwanninmu, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu daina jin kunyar amsa ta. Na ce masa ba don rashin yarda ba ne, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashin da ke tsakaninsu, ba ga maƙiya aka saukar da ita ba. Na tuna masa cewa ko Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da zai yi wa dattijon Madyana aiki, sai da aka yanka wa'adi a fili, shekara takwas ko goma. Na ce alherinsa a kaina ba ya ƙirguwa, amma shi da ni duka masu mutuwa ne, kuma ranar da dukiya ta koma hannun magada, buhun azumi ba ya cikin abin da doka za ta tilasta musu, takarda ce kaɗai za ta yi magana. Babban ɗansa, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ngaundare, yana gefe yana ji, shi ne ya ce: «Baba, gaskiya ya faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne a gidan nan.»

Bayan mako biyu aka rubuta mini kwantiragi marar wa'adi da ya amince da shekaruna tun daga 2010, aka mai da albashina 185,000 da takardar biya duk wata, aka kuma shiga biyan bashin zubin da aka tsallake kashi-kashi, ni da wasu ma'aikata biyar. Na rubuta wa ƙungiyar na gode musu na ba su haƙuri da wuri, domin su nemi wani. Amma ba zan ɓoye wa masu karatu cewa abin ya zo da tsada ba. Kusan wata shida Alhaji ba ya sakin fuska da ni kamar dā, ya daina kirana idan za a yi shawarar sari, kuma azumin da ya biyo baya buhun ya zo amma ba ta hannunsa ba. Duk mai niyyar kai wa maigidansa tayin da aka yi masa ya sani cewa daga ranar an san ya taɓa leƙa waje, kuma kada ya kuskura ya yi haka da tayin ƙarya ko wanda ba zai iya karɓa ba idan aka ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Ba kuma zan ce zamana ya nuna na fi waɗanda suka tafi dabara ba. Direbanmu ya karɓi aiki a wata ƙungiyar a daidai wannan lokaci, ya yi wata goma sha biyar yana kai kaya Mokolo da sansanin Minawawo, inda 'yan gudun hijirar Najeriya ke zaune tun 2013. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu na 2025, aikinsu yana cikin waɗanda kuɗinsu ya yanke, ba a sabunta masa ba, ya dawo Garwa. Mutane suka yi ta cewa ga abin da ake gudu. Amma ni na shiga gidan da ya gina a cikin waɗannan watanni, ciki biyu da falo da rufin kwano, domin tun ranar farko ya ɗauki aikin a matsayin damina, ya ci gaba da ciyar da gidansa a kan tsohon albashinsa, rarar kuwa duk ya zuba ta a siminti da adashe. Ni filina har yau katanga kawai na yi masa. Shi ya san abin da ya je nema da tsawon lokacin da yake da shi, kuma da yake ya ba da sanarwa kamar yadda doka ta ce, ya miƙa mota da takardunta lafiya, ya karɓi takardar shaidar aiki, ya yi sallama gida-gida, bai yi wata biyu a zaune ba Alhaji da kansa ya haɗa shi da wani abokinsa mai manyan motoci. Wani yaro kuwa da ya tafi a shekarar ya aiko da makullin shago ta hannun ɗan babur ba ko sallama, yau duk kasuwa ta san labarinsa, babu mai ba shi riƙon ko teburin goro.

Akwai kuma wanda ya tsallaka Yola a farkon 2023 saboda albashin naira da ya yi kyau idan aka juya shi zuwa sefa, iyalinsa kuma suna nan. Daga watan Yuni na shekarar, da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, abin da yake aikowa gida ya yi ta ƙanƙancewa alhali albashinsa bai ragu ba, domin sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa ba ta ɗaure da komai. Mu mutanen bakin iyaka dole mu riƙa tambaya da wane kuɗi za a biya mu, da wane kuɗi kuma za mu ci.

Ɗan ƙanwata da na ambata shekararsa 27, bai yi aure ba, yana aikin kwamfuta da lissafin kaya a wani kanti shekara huɗu ke nan a kan sefa 70,000, babu kwantiragi, babu rajista, kuma sau biyu yana tada maganar ana ce masa ya yi haƙuri kasuwa ta gyaru. An yi masa tayin aikin shekara ɗaya a Abeshe, a gabashin Chadi, inda ƙungiyoyin agaji suka yawaita tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 mutane suka yi ta kwararowa ta garin Adare da ke bakin iyaka. Uwarsa ta zo tana kuka in hana shi, tana zaton tunda ni na zauna, zama zan ce ya yi. Na ce mata: «Ƙanwata, abin da ya zaunar da ni ba ya wurinsa.» Shi ba shi da shekarun da zai yi asara, ba shi da tukunya ta biyu, maigidansa kuma ya riga ya ba shi amsa har sau biyu, sabo ne kawai ke riƙe da shi, sabo kuwa an ce turken wawa ne. Abin da na sa shi ya yi shi ne ya rubuta musu ya tambayi wanda zai ɗauki nauyin masauki da magani da kuɗin dawowa gida idan aiki ya tsaya, ya tambayi tsawon gwaji, ya tambayi asusun da za a zuba masa, tunda Chadi tana da nata asusun daban ko da yake sefarmu ɗaya ce, kuma kada ya ajiye aikinsa sai takarda mai sa hannu ta shigo hannunsa. Sun amsa masa a rubuce, ya ba maigidansa sanarwar wata guda, yana kuma koya wa wanda zai gaje shi aikin.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware wani gefe a jaridar nan, ko da sau ɗaya a wata, inda masanin dokar ƙwadago zai riƙa bayyana wa mutane waɗannan abubuwa da Hausa, domin dokar da Faransanci da Ingilishi take, galibin masu dako da direbobi da yaran shago na Garwa da Marwa da Kusiri kuwa ba su taɓa jin an karanta musu ko layi ɗaya daga cikinta ba, ba su ma san akwai ofishin sufeton ƙwadago da za su iya kai kuka kyauta ba. Ina kuma roƙon iyayenmu 'yan kasuwa, waɗanda na san da yawansu masu alheri ne ƙwarai, su yi wa yaransu rajista su riƙa zuba musu tun kafin wani daga waje ya zo zawarcinsu. Ɗan ƙanwar tawa zai tashi ranar Asabar ta farkon wata mai zuwa, ya kwana a Kusiri, ya haye gadar Ngeli zuwa Njamena, daga can ya nemi motar gabas. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, shi da mahaifiyarsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Hausare, Garwa, Kamaru.